Kafar da Kawu Ya Toshe

Ni da Yayata muna turara shinkafa a gidan Kawunmu da ke Ƙofar Rini. Manoma ke kawo mana ita da ƙaiƙayinta daga fadama, mu jiƙa, mu turara, mu shanya, sannan a kai inji. Yaya ce gwanar. Ƙwaya ɗaya za ta matsa tsakanin yatsunta ta ce a sauke, kuma ba ta taɓa kuskure ba. Ni dai 'yar ɗauko-miƙo ce.

Da itace ya yi tsada, muka sayi babbar tukunya mai aiki da gas, aka kafa ta a wani ɗan ɗaki marar taga a ƙarshen gida. Mai haɗa tukunyar ya ƙi kunna ta sai da ya huda bango wuri biyu, kafa ɗaya can ƙasa dab da daɓe, ɗaya can sama kusa da rufi, ya sa musu raga.

"Hajiya, wutar ga numhwashi takai kamar mutum," in ji shi ga Yaya. "Ta ƙasa iska ka shigowa, ta bisa guba ka hita. In kun ga harshen wuta ya bar shuɗi ya koma ja, ku kashe ku hita."

Muka ce mun ji. Wata da watanni muna aiki lafiya lau.

Bangon nan shi ya raba mu da maƙwabcinmu, wani dattijo mai sayar da yadi. Ashe ya tare Kawu bayan sallar Azahar ya ce an huda bango ana leƙen iyalinsa. Leƙe! Mu mata biyu, da muke shiga gidan nasa kullum aron rariya, mu ne za mu kwanta rubda ciki a daɓe mu leƙi matan da muke cin tuwo tare da su? Kawu bai yi wannan tunanin ba. Shi dai kada a ce gidansa ya keta haƙƙin maƙwabtaka. Ranar da muka tafi bikin suna unguwar Gawon Nama, Kawu ya kira magini, aka shiga ta gidan maƙwabcin aka cike kafofin biyu da siminti daga waje. Ta ciki raga na nan yadda take, ga buhuna jingine a gabanta. Bai gaya mana ba, wai ba magana ce ta mata ba.

Abin da har yau yake ƙona mini rai ke nan. Da ya buɗe baki ya faɗa, da mun yi faɗa mun gama, kowa na da lafiyarsa.

Yaya ta fara ciwon kai. Ta fito daga ɗakin tana layi, ta ce zuciyarta na tashi. Muka ce zazzaɓin sauro ne, aka sha magani. Muka ce hawan jini ne, aka auna, babu. Ni ma laifina ba ƙarami ba ne: na ga wutar ta yi ja, na ga gindin tukunya ya yi baƙi, sai na zagi mai sayar da gas na ce ya ba mu marar kyau. Ni ina waje wurin shanya, ita ke ciki, kuma takan turo ƙofa saboda kaji.

Wata safiya ina baza shinkafa a tabarma, na ji ƙaurin ƙuna. Yaya ba ta ƙona shinkafa. Na kira ta sau uku, shiru. Na banka ƙofar na tarar da ita a kife kusa da tukunya, ludayi a hannu. Na kashe wutar, na kamo ƙafafunta na ja ta har tsakar gida ina ihu. Kaina ma sai da ya juya a ɗan lokacin nan. A keke napep muka kai ta asibiti, kanta a cinyata.

Likita ya tambaye ni ko ɗakin na samun iska. Na ce ƙwarai, kafa biyu gare shi. Ya dube ni ya ce in je in duba. Na dawo gida na ture buhuna, na zura tsinke cikin raga, tsinken ya tokare.

Na sami Kawu a zaure yana jan carbi.

"Kawu, wa at toshe kahwar ɗakin shinkahwa?"

"Ni na sa anka toshe. Mutuncin maƙwabci hwa?"

"Yaya na can kwance ba ta san wanda ka kanta ba!"

"Ƙaddara ta, ɗiyata. Ki yi haƙuri."

Ban taɓa ɗaga wa Kawu murya ba sai ranar, kuma ban yi nadama ba. Na ce masa ƙaddara ba ta kwaɓa siminti, magini ya kwaɓa, shi kuma ya kira maginin. Na ɗauki taɓarya na shiga ɗakin, na yi ta dukan kafar ƙasa ina kuka har simintin ya faɗa waje. Sai na kwanta a daɓe, karon farko a rayuwata, na leƙa don in ga abin da aka kusa kashe Yayata a kansa. Bayan akurkin kaji ne, da wani fasasshen turmi, da ƙafafun tunkiya a ɗaure.

Yaya ta rayu, alhamdu lillahi, amma ba yadda take ta dawo ba. Hannunta na rawa, mantuwa ta yi mata yawa. Yanzu ni ke turarawa, ƙofa a buɗe, ita tana zaune bakin ƙofar. Nakan miƙa mata ƙwaya ɗaya in ce ta duba mini. Sai ta matsa, ta daɗe tana jujjuya ta, sannan ta ɗago kai ta ce, "Ke duba, ƙanwata. Ni ban sani ba."