Kitson Karen Ba'indiya

Shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira muka tare a gidajen ma'aikatan wata makarantar sakandare a Birnin Kudu, inda maigidana yake kula da sito. Ni kuwa kitso nake yi. A Farin Dutse, can ƙasar Gwaram, na koya a gaban Innata, kuma ba yabon kai ba, hannuna ba ya zafi. Kuɗi ya shigo gari a lokacin, matan 'yan kwangila sun san daɗin mota, har ƙofar gida ake sauke mini su.

Danga ce kawai ta raba mu da wani Ba'indiye mai koyar da lissafi, shi da matarsa. Ran da na fara ganin abin da suke kiwo, na ɗauka tsumma ne aka yar a gindin darbejiya. Sai tsumman ya miƙe ya yi haushi. Bai fi muzuru girma ba, gashi ya lulluɓe shi har ƙasa, ba a ganin ƙafa, ba a ganin ido, sai ya motsa ake gane inda kai yake. Ni karen da na sani na farauta ne, dogo siriri, yana kwana a waje, yana cin ƙanzo. Wannan a kan kujera yake barci.

Matar tana jin Hausa kaɗan-kaɗan, sauran da hannu muke ƙarasawa. Ta ce asalin irinsu daga wata ƙasa ce Tibet, can saman duwatsu inda sanyi yake daskarar da ruwa, shi ya sa wannan uban gashi. Wai a cikin ɗaki ake ajiye su a can saboda kaifin kunnensu, su sanar da mai gida an yi baƙo. Na ce to, Allah Ya raya. Ba ruwana da shi, shi ma ba ruwansa da ni. Ko abinci na jefa masa ta kan danga, sai ya shinshina ya kau da kai.

Da kaka ta yi, wata rana ya sulale ya shiga gonar gero a bayan makaranta. Da ya dawo ya zama dunƙule guda, ƙarangiya ta cika shi tun daga kunne har wutsiya, ga kaska a ƙarƙashi. Matar ta zo bakin danga da almakashi a hannu tana hawaye, ta kasa yankewa. Ni kuma ba na iya ganin gashi mai kyau yana lalacewa, ko na waye. Na leƙa ɗaki na tambayi maigidana.

Ya ce, "Yawunsa ne abin gudu. Kada ki haɗa masa kaya da na mutane, in kin gama ki wanke hannu."

Na ware masa tsohon mataji da tsinke ɗaya, na ɗebo man kaɗanya a murfin gwangwani. Daga azahar har rana ta yi sanyi ina tsefe shi sili-sili. Da farko gurnani yake yi. Daga baya ya gaji, ya ɗora haɓa a kan gwiwata kamar yaran da ake kawo mini ranar jajiberin salla.

Daga nan ya zama duk mako. Na san halinsa. Ba ya zuwa don an kira shi, sai in ya ga dama. Ya san takun kowa a layinmu, baƙo kaɗai yake yi wa haushi, da ya sanar kuma sai ya koma ya kwanta, aikinsa ya ƙare. Ba zan ce ina son sa ba, amma mun saba.

Gashin goshinsa yana tsokane masa ido, kullum suna ruwa. Wata rana na raba shi biyu, hannuna ya yi abin da ya saba: siraran kitso biyu daga tsakiyar goshi, suka gangara ta gefen kunne, na naɗe bakinsu da jan zare. Irin kitson mutanenmu ne na Farin Dutse. Ranar na fara ganin idanunsa, manya, baƙaƙe, suna kallona ba ko godiya.

To, akwai wata Hajiya, matar wani babban ɗan kwangila, wadda tun kafin zancen karen ta ga irin wannan kitso a wurina ta maƙale masa. Ita ta sa ya yi suna a gari, har ana kiransa kitson Hajiya. Wata Alhamis tana zaune a tabarmata, na gama naɗe mata jan zaren ke nan, mata uku suna jiran layi, sai karen ya kutso ta ƙasan danga. Ya ga baƙi, ya tsaya tsakiyar gida ya ɗaga kai ya yi haushi, kitsonsa na lilo. Ɗaya daga cikin matan ta dube shi, ta dubi Hajiya, dariya ta ƙwace mata.

Hajiya ta ce, "Matar Malam, wa ya yi wa wannan abin kitso?"

Na ce, "Ni ce, Hajiya."

"Da hannun da kike taɓa kaina?"

"Kayansa daban, kuma ina wankewa da sabulu."

"Wato ni da kare kai ɗaya muke ɗauka a garin nan?"

Da na yi shiru da wataƙila ta huce. Amma bakina ba ya jiran shawara. Na ce, "Ai nasa ya fi tsawo, Hajiya."

Nan take ta sa yatsu ta tsefe abin da na yini ina yi, ta ɗaura ɗankwali ta fita. Sauran ukun suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, kowa da uzurinta. Kafin Juma'a labari ya kai har ƙauyen Unguwar Ya, kuma kafin ya kai an ƙara masa gishiri, wai da mataji ɗaya nake yi wa kare da mutane. Motoci suka daina tsayawa a ƙofarmu. Maigidana ya ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, ya ci gaba da cin tuwonsa. Ban je ban haƙuri ba, ban kuma daina tsefe karen ba, tunda kansa kaɗai ya rage mini.

Bayan an gama sussuka Inna ta zo daga Farin Dutse da gero da daddawa. Labarin ya riga ya same ta a kasuwar Gwaram, amma ba ta tayar da shi ba. Da karen ya shigo ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta sunkuya ta duba kitson, hannuwanta a baya.

Ta ce, "Tsagar ta fita. Hannunki bai lalace ba."

Na ji sanyi a raina. Tun ina budurwa ba mai taɓa kan Inna sai ni, ga shi kuma kitsonta ya tsufa. Ana gobe za ta koma na shimfiɗa tabarma a inuwa, na kawo man shanu da sabon mataji, na ce ta zo ta zauna.

Ta ce, "Bar shi, ke ma kin gaji."

"Inna, me na yi da zan gaji? Rabona da kan mutum tun kaka."

Ta yafa mayafi ta ce za ta gaida wata tsohuwa a bayan kasuwa. Na san tsohuwar, kitso take yi, hannunta kuwa kamar na maƙeri. Abin da Hajiya da duk matan gari suka yi bai taɓa sa ni kuka ba, amma ranar na shiga madafa na yi.

Gab da magariba Inna ta dawo, goshinta ya ɗame, idanunta sun yi ja don zafin kitso. Ba ta cire ɗankwali a gabana ba har ta hau motar Gwaram.