Yaya Hajara da Sunan da Inna Ta Sa Mata

Shekara goma ke nan da rasuwar yayata Hajara, saura wata biyu ta zana jarrabawar ƙarshe a makarantar jinya. Sanƙarau ne ya ɗauke ta da bazara, Allah Ya jiƙan ta. Duk shekara nakan tuna da ita da kewa, amma bana kunya ce ta fi yawa.

Ita ce 'yar fari a gidanmu a Bukkuyum, saboda haka Inna ba ta taɓa kama sunanta ba. Sai dai "ke" ko "waccan." Da Yaya ta sami aikin atanda a asibiti a Gummi, wato mai gyara gadon majinyata da wanke su da miƙa wa ma'aikatan jinya kayan aiki, sai Inna ta sami mafita. Ta gan ta cikin fararen kaya, daga ranar ta koma kiran ta Nas. Mu ma muka ɗauka, unguwa ta ɗauka, har 'yan ƙauyen Gwashi masu zuwa cin kasuwa sukan biyo gida su ce a kira musu Nas ta yi wa yaro allura.

Ba ta yi. Takan ce ba a koya mata ba, su kai shi asibiti. Wasu suka ce girman kai ne, wasu suka ce rowa. Kowa takan iya gyara wa bakinsa, amma ban da Inna. Yaya za a yi 'yar fari ta tsaya gaban uwarta ta ce ta daina kiran ta da sunan da ta zaɓa mata?

A shekarun farko da aka ba mu jiha, ana neman ma'aikata ruwa a jallo, hanya biyu ta buɗe mata. Akwai gajeren kwas na ma'aikatan lafiyar karkara, wanda takardunta suka isa, kuma ba zai raba ta da mijinta da 'yarta na dogon lokaci ba. Aiki ne mai daraja, sai dai wanda ya gama shi ba nas ba ne. Ɗaya hanyar kuwa sai ta sake zana jarrabawar sakandare don darussan kimiyya da ta rasa, sannan ta tafi Sakkwato ta yi shekara uku.

Ina malamin firamare a lokacin, ni na raka ta ɗakin jarrabawa. Mace mai shekara talatin, ta zauna a benci ɗaya da yaran da ta girme wa nesa ba kusa ba, suna ta ƙus-ƙus suna kiran ta Gwaggo. A hanyar komawa na tambaye ta me ya yi zafi haka. Ta ce, "Inna ba ta ƙarya. Tunda tac ce Nas, ni ka tahiya in maishe maganatta gaskiya." Sau biyu ta zana kafin ta samu. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana, ita dai ajali ne ya tare ta a bakin ƙofa.

Ina tambayar kaina abin da za ta ce da ta ga yau. Tun da aka fara haƙar zinariya wajen Bagega, kowane lungu na Anka akwai kemis, kuma duk yaron da ya share shago na 'yan watanni ya zama likita. Ya rataya ƙarin ruwa a ƙusa, ya soka allura, ya karɓi godiya. Ba mai tambayar inda ya koya. Mun manta cewa kama da wane ba ta wane.

Ba sai na leƙa gidan wani ba. Saratu, 'yar da Yaya ta bari, yanzu atanda ce a Anka, kuma tun makon da ta fara aiki muka manna mata sunan uwarta, wato Nas. Daɗi muke ji, kamar an dawo mana da abin da muka rasa. Da ƙaramar salla ta same ni a gida ta ce tana son ci gaba da karatu, wace hanya za ta bi? Ni da na yi shekaru ina faɗa wa ɗalibai labarin juriyar Yaya, na buɗe baki na ce ta nemi mafi sauƙi, ai ko yanzu kowa Nas yake ce mata, wa zai nemi ganin takarda?

Inna tana gefe a kan tabarma. Ta tsufa, ido ya yi rauni, na zaci ma barci take. A duk gidan ita kaɗai ba ta taɓa kiran yarinyar da wannan suna ba, na ɗauka wasan kaka da jika ne. Sai ta ce, "Kai dai ba ka da ta-ido. Ni nis sa wa waccan sunan don kunya ta hana ni hwaɗin nata, ɗiyata tat tahi neman shi har ba ta dawo ba. Ku mi kunka biya da za ku raba shi kyauta?"

Girma ya faɗi. Ban iya ɗaga kai ba, kuma Saratu, saboda kara, ta yi kamar ba ta ji ba.

Yaya ba ta bar takardar shaida ba, ba ta bar hoto da hular nas ba. Abin da ta bari shi ne ƙin amsa sunan da ba ta kai ba, kuma cikinmu tsohuwa guda ce ta riƙe wannan gado. Saratu ta fara bitar darussan kimiyya, ni nake nemo mata littattafai. Ranar da na kai mata na farko, na tsaya a ƙofar ɗakin majinyata na ce a kira mini Saratu. Sai da aka yi ta tambayar wace ce haka.