Akuyar Darasin Ƙarshe

Haushi ne ya kai Inna ajin manya. Ta je asibiti dubiya, ta yi ta zagaye tana neman ɗakin mata, har ta gaji ta tambayi mai gadi. Shi kuwa ko ɗagowa bai yi ba, ya nuna saman ƙofa da haɓa ya ce, "Hajiya, ba ki ga an rubuta ba?" Ranar ko tuwo ba ta ci ba. Matar da ta shekara talatin tana sayar da daddawa da kuka a kasuwar Sabon Gari, wadda ba a taɓa cin ta da baki ba, ta dawo gida ta rasa amsar da za ta ba mai gadi.

Ajin a wata firamare yake a Unguwar Gabas, bayan la'asar, idan yara sun tashi. Mata ne zalla, a kan bencin yara, gwiwa na gogar tebur. Kowa yana kiran wurin ajin yaƙi da jahilci, ban da Inna. Ta ce ita ba jahila ba ce, ta san sallarta, ta san cinikinta, kuma ba ta zo yaƙi da kowa ba. Malamar, wata doguwa mai haƙuri da ke koyar da yara da safe, ta yi dariya ta ce to a bar shi a makarantar yamma.

Littattafan ba su isa ba. Mutum biyu littafi ɗaya, wani wurin ma uku. Siriri ne, takardarsa ja-ja kamar wadda ake ƙunsa ƙosai, idan ka danna fensir sai ta huje. Inna ta haɗa da maƙwabciyarmu, Maman 'yan biyu, 'yar kudu mai sayar da garin kwaki, wadda ta zo Sabon Gari tun tana amarya. Yau littafin ya kwana ɗakin wannan, gobe ɗakin waccan, kullum da mita. Maman 'yan biyu ta ce littafin yana warin daddawa, Inna ta ce ai gara daddawa da manja.

Ni a lokacin ina aiki a wani shagon fotokofi a Samaru, cikin layin shagunan da ke kallon jami'a. Daga safe zuwa yamma ɗalibai ne a kaina, kowa takardarsa ta fi ta kowa sauri. Wata rana aka kawo wuta da tsakar rana, shago ba kowa, na ɗauko littafin na buga shi kaf, na ɗinke da zare, na sa masa bangon kwali. Da na kai wa Inna ta juya shi gaba da baya ta ce, "Ashe aikin naki yana da amfani." Wannan ne yabo mafi girma da na taɓa samu a bakinta.

Ta yi ƙoƙari, wallahi ta yi. Tana zaune bakin rumfa, littafi a cinya, mai saye na tsaye, sai ta gama kalmarta za ta ɗago. Ta fara karanta jikin buhun gishiri, da bayan motar haya, da sunan shagon mai ɗinki. Idan muna cikin bas sai na riƙa sunkuyar da kai, don da ƙarfi take haɗa baƙin, ba ruwanta da kowa.

Sai dai waɗanda suka tsara littafin nan ina da magana da su har gobe. Darussan farko baƙaƙen manya ne, kowanne kamar ɗan yatsa. Kana yin gaba suna ƙanƙancewa, har ka kai darussan ƙarshe sun koma kamar an watsa gero. Ko sun ɗauka idon tsohuwa ƙuruciya yake ƙarawa idan ta yi nisa a karatu, oho. Inna ta fara kai littafin kusa da hanci, ta fara cewa takardar ta yi duhu. Muka saya mata tabarau wajen mai talla a bakin kasuwa, ta gwada ya fi goma, ta zaɓi wanda ya fi kyau da fuskarta.

Darasin ƙarshe ba jimloli ba ne warwatse irin na baya. Labari ne sukutum, na wata mata da akuyarta ta ɓace ranar kasuwa. Inna tana kiwon awaki tun ban san kaina ba, don haka labarin ya shige ta sosai. Tana karantawa tana faɗa da matar. "Ke ma da sakarci, wa ke ɗaure akuya da igiyar rama ranar kasuwa?" Matar ta tambayi mahauci, ta tambayi mai gona, ta bi sawu har bakin rafi, ta tsinci guntun igiyar. Kowane layi sai Inna ta kwana a kansa.

A nan ta kafa mana doka. Ta tara mu, ni da Maman 'yan biyu, ta ce, "Duk wadda ta gaya mini ƙarshen labarin nan ban yafe ba. Tun da aka haife ni ake karanta mini abu. Wannan ni zan gani da idona." Muka yi dariya muka ce mun ji. A lokacin abin da ya rage mata bai kai rabin shafi ba.

Da ta ce rubutun ya ƙi fitowa ko da tabarau, ban damu ba, don ina da maganinsa. Injinmu yana da wurin da ake dannawa ya ƙara girman rubutu. Na buga mata shafin a babbar takarda, na naɗe, na hau bas da shi daga Samaru zuwa Sabon Gari ina kare shi daga gwiwar mutane. Ta buɗe ta ce, "Yauwa, yanzu aka yi magana." Ta ci layi biyu a wannan makon. Bayan nan ta ce ya sake dushewa. Na ɗauki wanda na ƙara na sake ƙara shi. Sai na yanka shafin gida-gida, kowane yanki na ƙara shi shi kaɗai. Mai shagon ya fara kallona yana kallon tawadar injinsa, amma mutumin kirki ne, iyakarsa ya ce, "Wannan kuma wane irin furojet ne?"

Da injin ya kai iyakarsa, na koma kwali da maka, alƙalamin nan mai kaurin baki. Nakan roƙi kwalayen sabulu a shagunan Samaru, in farke su, in rubuta kalma ɗaya a kowanne, baƙi kamar tafin hannu. Ɗakin Inna ya cika da kwalaye jingine da bango. Ina ji da kaina a lokacin, ina ganin babu rubutun da zai fi ƙarfin idonta muddin akwai kwali a garin Zariya.

Akwai abubuwan da muke gani muna dariya. Takan yi tuntuɓe da turmi a tsakar gida, ta shuri buta, ta zage mu cewa mun ajiye kaya a hanya. Mutum zai tsaya a gefenta bai yi magana ba, sai ya yi tari ta firgita. Duk muka ce tsufa ne.

Wata Asabar da hantsi na kawo mata sabon kwali, na riƙe shi a gabanta cikin rana. Ta daɗe tana kallo, tana ɗaga kai tana saukewa kamar mai duba tsayin bango. Sai ta ce, "Ke, na ga ƙafarsa, ban ga kansa ba. In na je kan, ƙafar ta tafi." Na matso da shi, ta ce ya ƙara lalacewa. Na ja baya, ta ce hazo. Na tsaya riƙe da kwalin ban san inda zan kai shi ba.

Likitan ido da muka gani saurayi ne, mai magana a hankali. Ya ce hawan jinin ido ne, ya daɗe yana cin jijiyar a ɓoye, tun kafin ta san hanyar makarantar yamma. Abin da ya tafi ba ya dawowa, ba kuma yana ba ce balle a kankare. Maganin ɗigawa zai rage masa sauri, shi ke nan. Da ya ga ban gane ba, ya naɗe wata takarda kamar bututu ya ce in rufe ido ɗaya in leƙa. "Haka take gani, kuma ramin yana ƙara tsukewa." Akwai kwali ɗaya a jakata. Na ciro shi na leƙa ta bututun. Ban ga harafi ba, wani baƙin layi kawai na gani, ba kai ba gindi. Abu ɗaya da na iya a duniya shi ne ƙara girman rubutu, ga shi girman ma ya zame mata matsala.

Inna ba ta tambayi likitan ko za ta makance ba. Cewa ta yi, "Ɗana, zan iya ƙarasa rabin shafi?" Ya dube ni, na sunkuyar da kai. Ya ce a dai riƙa ɗiga maganin.

Na koma injin na yi ta baya. Na rage girman, na ƙara baƙin tawada, na gwada kowane girma da yake da shi. Akwai wani matsakaici da take iya kama harafi ɗaya-ɗaya idan rana ta take, amma kafin ta kai ƙarshen kalma farkon ya gudu daga kanta, idon yana ta zubar da ruwa. Na je wurin malamar na tambaya ko akwai littafin da aka yi wa masu irin wannan lalura. Ta ce ta tambaya a ofis, sun ce su na masu ido ma bai ishe su ba. Ta yi maganar rubutun makafi na ɗigo-ɗigo, ta ce ita ba ta iya ba, ba ta kuma san wanda zai koyar da tsohuwa a kusa ba. Da na gaya wa Inna ta ce, "Wato in sake komawa farko, da wani baƙin daban? Ni nawa zan yi?"

Dabarata ta ƙarshe igiya ce. Na riƙa lanƙwasa siririyar igiya ina manna ta da gam a kan kwali, ta yi siffar harafi, ita kuma ta shafa da yatsa. Yatsun da suka shekara suna murza kalwa sun yi kanta, ba sa jin abu da wuri. Duk da haka muka yi damina guda a kai, ta fitar da jimla ɗaya: matar ta ji motsi a cikin gero. Ranar Inna ta yi murna kamar an ba ta kujerar Makka. Washegari danshi ya ɓamɓare rabin igiyoyin da na shirya na gaba. Na sake mannawa, ta shafa, ta shafa, ta ce duk sun zama abu ɗaya a hannunta. Ta ture kwalin ta ce in bar ta ta huta. Na fita bayan ɗaki wurin awaki na yi kukana, don ba na so ta ji.

Ranar rufe aji kowace mace za ta tashi ta karanta wani yanki a gaban baƙi. Inna ta ce sai ta je. Ta sa atamfarta mai kyau, na riƙe mata hannu har bencinta. Aka yi ta karantawa, tana gyaɗa kai tana gyara wa masu tuntuɓe, don duk na baya yana kanta. Ƙarshen labarin ya faɗo kan Maman 'yan biyu. Tana miƙewa, Inna ta lalubo hannuna ta ce, "Fitar da ni." Muka tsaya can gindin dalbejiya, ta toshe kunnuwanta da yatsu kamar ƙaramar yarinya, har sai da na taɓa ta na ce an gama tafi.

A hanya Maman 'yan biyu ta cim mana, takardar shedarta a hannu, idonta jawur. Ta ce, "Mama, abeg, bari in faɗa miki. Abin ba yawa fa, small thing ne ya rage." Inna ta ce, "Ki riƙe bakinki, 'yar garin kwaki. Na ce da idona." A haka muka ƙarasa gida.

Idon ya rufe gaba ɗaya bayan 'yan shekaru. Ta bar kasuwa, ta koma zama a ƙofar ɗaki, tana gane awakinta da kukansu. Kwalayen duk mun hura wuta da su, amma littafin da na ɗinke mata yana ƙarƙashin katifarta cikin leda. Ni kuwa na buga shafin nan sau ba adadi, na yanka shi, na zana shi, na lanƙwasa shi da igiya, ko barci nake aka tashe ni zan kawo shi. 'Yan layuka ne, numfashi biyu ya isa in faɗe su. Sau da yawa suna zuwa mini har bakin leɓe, musamman idan na ga ta juya fuska wajen turken awaki.

Wata rana da yamma ina tsefe mata kai, ta ce, "Matar nan kuwa, motsin da ta ji a cikin gero..." Na tsayar da hannuna. Na buɗe baki. Ta ce, "A'a. Bari." Ta laluba ƙarƙashin katifa ta ciro ledar ta miƙo mini. "Duba mini shafin, ko gara ta taɓa shi."

Na buɗe. Takardar ta yi ja, amma rubutun yana nan tas, idona ya bi ta kansa har ƙasa tun kafin in hana shi.

Na ce, "Lafiyarsa lau, Inna."

Ta ce, "To rufe, mayar mini da shi. In idon ya ɗan washe zan ƙarasa."

Na ce to, na mayar da shi cikin ledar.