Gwangwanin da Na Wanke

Shekarar da muka tare a unguwar Mohandessin ta Alƙahira, bayan juyin juya halin 2011, maigidana kullum yana wurin aiki, ni kuma zaman kaɗaici ya ishe ni. Ƙofar da ke kallon tamu ta wani tsoho ce, Bamisire, matarsa ta rasu, idonsa kuma ya fara tafiya. Nakan kai masa abinci. Ammu nake ce masa, wato baffa.

Falonsa cike yake da tsofaffin gwangwanayen tabar lofe, an jera su a kanta kamar jeren amarya. Da farko na yi tsaki a raina, dattijo guda da tara shara. Alhali bai taɓa shan taba ba. Shekarunsu yake bi, kowanne yana da gurbinsa. Ya koya mini duba 'yar takardar harajin da ake liƙawa a bakin murfi: in da kambi a jiki, gwangwanin na zamanin sarki ne, in mikiya ce, bayan an kawar da sarauta aka sayo shi. Da idonsa ya ƙara rauni, ni na zama mai duba masa, har na fara jin daɗin abin.

Wata rana ya kawo wani gwangwani daga kayan yayansa da ya rasu, duk tsatsa da maiƙo. Mahaifinsu ya sha lofe, ya rasu tun zamanin sarki, Ammu yana ƙarami, bai bar masa ko tsinke ba. Yayan ma ya sha daga baya. Abin da Ammu ke son sani ɗaya ne: na mahaifinsa ne, ko na yayansa?

"Datti ya rufe takardar, ya binti," in ji shi, wato 'yata. "Ki kai shi gidanku ki duba, ya fi nan haske."

Ni kuwa an raine ni a gidan da ba a mayar wa mutum kwano sai yana ƙyalli. Ina shiga kicin hannuna ya riga hankalina. Na matsa lemon tsami, na sa soson ƙarfe, na dirje shi tas. Sai da na ga wani baƙin abu yana bin ruwa zuwa rariya na gane takardar ce na kankare.

Na kai masa. Ya shafa bakin murfin da babban yatsa, ya sake shafawa.

"Kafin ki wanke, me kika gani?"

Na so in ce kambi. Wallahi na so, don ba wanda zai ƙaryata ni.

"Ban duba ba, Ammu."

Ya juya gwangwanin a hannunsa. Kunya da tausayinsa suka hana ni ɗaga kai.

"Ma'alish, ba komai," ya ce. "Kama mini hannu."

Na kai shi gaban kantar. Ya lalluba, ya matsar da na zamanin sarki hagu, na bayansa dama, ya ajiye wannan shi kaɗai a tsakiya. Har muka bar Alƙahira a nan yake.