Tsohon da Ya Zo Taro da Kujerarsa

Bu Sarmi mai sayar da kofi ba ta san shi ba, amma tun da ya tsayar da babur a bakin zauren taro idonta ke kansa. Tsoho ne siriri, garin katako ya ƙara wa girarsa furfura. Yatsu uku suka rage a hannun damansa, da alama zarto ne ya ci sauran. A bayan babur ya ɗauro ƙatuwar kujerar katakon jati, icen nan mai ƙarko, kamar mai ƙaura.

Yau ƙungiyar 'yan kasuwar garin ke taron ceto sana'ar katako, don injinan tsagawa sai rufewa suke yi. Kujerun da ƙungiyar ta yi haya kuwa duk na roba ne.

Tsohon ya ƙwanƙwasa ɗaya, ya taɓe baki.

"Bismillah, Mbah, zauna mana," in ji shugaban ƙungiya, yana kiransa yadda ake kiran tsofaffi a garin.

"A kan bokiti? Kun zo ceton katako, kun ɗora ɗuwawu a kan roba?"

Ƙarti biyu suka ciccibo tasa suna nishi, sai ta ƙi shiga ƙofa. Ga shi nan zaune a rana, yana leƙe ta taga, kowa ya yi jawabi sai ya ce a ɗaga murya.

Ya daki hannun kujerar, ya dubi Sarmi. "Kakana ya saye ta. Ko ƙusa ba ta taɓa nema ba!"

Ta miƙa masa kofi. A ranta kuwa cewa take: to ina kasuwa za ta rayu, Mbah, rabon gidanku da sayen kujera tun zamanin kakanka?