Rumbun Yaya Mansir da Muka Kasa Buɗewa

Da faɗuwar daminar bana, shekara shida ke nan da rasuwar yayana, Mansir mai hoto. Mutanen Dutsin-Ma da suka ɗan manyanta za su tuna shi: dogo, siriri, mai yawan shiru, kyamara rataye a wuya, bisa wani tsohon babur da ya haddace hanyar Kurfi. Shagonsa ƙarami ne, kusa da kasuwa. Yau cajar waya ake sayarwa a ciki, kuma mai shagon bai taɓa jin sunansa ba.

Mu 'yan wani ƙaramin ƙauye ne a bayan Birchi. Mahaifinmu shi ne limamin ƙauyen, yana kuma da makarantar allo a zaurensa. Ni aka sa a boko, na zama malamin firamare. Yaya Mansir ya sauke Alƙur'ani a gaban Baba, sannan ya kama sana'ar hoto. Baba bai so ba da farko, amma da ya ga sana'ar ba ta raba shi da salla ba, sai ya sa masa albarka.

Babu bikin aure, suna ko walimar saukar karatu da za a yi a ƙauyukanmu ba a gan shi ba. Har rugagen Fulani yake shiga. Kuma ba abin da aka kira shi ya ɗauka kaɗai yake ɗauka ba. Sai ya tsaya ya ɗauki tsoho yana saƙar igiya, ko mata a bakin rijiya, ko gero da aka ɗaure dami-dami a gona. Mutane na yi masa dariya, suna cewa wa zai sayi hoton rijiya?

Abin da ya fi damunsa a sana'ar shi ne wurin ajiya. Kwamfutarsa tsohuwa ce, kullum kukanta ɗaya, ta cika. Sauran masu hoto ba sa wahalar da kansu, da zarar mai biki ya karɓi nasa sai su goge, su zuba sabo. Shi kuwa ya ce ba zai iya goge fuskar mutum ba. Ya tara 'yan filas-filas na ajiyar hotuna, suka riƙa lalacewa. Ya sayi wani babban faifan ajiya, ran nan ya faɗo daga babur a hanyar Tamawa, aikin shekaru ya tafi. Na gan shi a lokacin, ko tuwo bai iya ci ba.

Bayan wannan ne ya koyi ɗora hotuna a ma'ajiyar intanet. Shi rumbu yake ce mata. Kullum bayan la'asar zai ɗauki kwamfutar ya tafi inda sabis ke da ƙarfi, ya zauna yana jira su hau ɗaya bayan ɗaya. In ya tabbata sun hau, sai ya goge na cikin kwamfutar, ta samu sarari ta yi sauƙi. Na tuna ranar da yake yi wa Inna, mahaifiyarmu, bayani.

"To ina rumbun yake?" in ji ta.

"Yana can wata ƙasa, Inna. Ni ma ban taɓa ganinsa ba."

"Ka ba wanda ba ka sani ba ajiya, a inda ba ka sani ba?"

Ya yi murmushi ya ce, "Can gara ba ta ci, ruwa ba ya shiga, ba ya kuma faɗowa daga babur."

Inna ta ce Allah ya kyauta, ta ci gaba da tsince wakenta. Gaskiya Yaya ya faɗa, kuma har yau ban ga laifin dabararsa ba. Ajiya maganin wata rana. Abin da bai sa a lissafi ba shi ne mai ajiyar zai riga kowa tafiya.

A azumin ƙarshe da Baba ya yi a duniya, Yaya Mansir ya riƙa zuwa ƙauye yana ɗaukar tafsirinsa, tun daga farkon wata har ƙarshe. Muryar Baba, tarinsa, yadda yake dakatawa ya gyara rawani kafin ya fassara aya mai nauyi, duk ya ɗauka ya ɗora. Baba ya rasu bayan babbar salla. Ba a yi shekara biyu ba ciwon ƙoda ya kwantar da Yaya, ya bi shi. Mutuwa rigar kowa, amma tasa ta zo mana da wuri. Ya bar matarsa, Anti Bilki, da 'ya'ya uku.

A shekarar farko ba mu ji mun rasa komai na ajiyarsa ba. Kwamfutar a buɗe take da rumbun. Ranar Juma'a nakan je gidan Yaya, mu kunna tafsirin Baba, Inna ta zauna a bakin ƙofa tana saurare. Mun ɗauka haka za ta ɗore. Wata rana kwamfutar ta ƙi tashi. Mai gyara ya ce sai an sake mata ciki gaba ɗaya. Da ta dawo, sai ta dawo kamar baƙuwa, ba ta san Mansir ba.

Anti Bilki ta san kalmar sirrinsa, ya faɗa mata tun yana asibiti. Muka shigar, aka karɓa. Sai aka ce an tura wata lamba zuwa layin wayarsa, mu shigar da ita kafin a buɗe. Layin kuwa yana cikin akwatinta tun tana takaba, ba ta iya ko kallon wayar ba. Muka ɗauko muka sa, babu sabis. A ofishin masu layi aka gaya mana layin da ya daɗe ba a amfani da shi janye shi ake yi a ba wani.

Ni na kira lambar. Ban san zan ji abin da na ji ba sai da ta fara ringin, sunan Yaya na bisa fuskar wayata. Wani dattijo ya ɗauka, Hausarsa ta yamma ce, a bayansa ana jin hayaniyar kasuwa. Na yi sallama, na gaya masa ko ni wane ne, da wanda ya riƙe layin kafin shi. Na ce saƙo zai shigo masa, lambar ciki kawai muke roƙo. Ya saurare ni har na gama.

"Allah ya jiƙan ɗan'uwanka, Malam," in ji shi. "Amma ka yi haƙuri. An gargaɗe mu kada mu ba kowa lambar da ta shigo muna a waya. Da irin wannan magana aka cuci maƙwabcina."

"Alhaji, muryar mahaifinmu ce a ciki. Ga matar mamacin nan, ka ji daga bakinta."

"Wanda ya cuci maƙwabcina ma mace ya ba shi, tana kuka."

Anti Bilki ta karɓi wayar, sai kuka ya ƙwace mata. Ya jira kaɗan, ya sake cewa a yi haƙuri, ya kashe. Mun sake kira, mun sa limamin unguwarmu ya kira. Daga baya layin ya daina shiga. Mun bi duk hanyar da masu rumbun suka tanada, tambayoyin da suke yi mai amsarsu yana kabari.

Ban riƙe dattijon nan a zuciya ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Da ni aka kira, wataƙila abin da zan yi ke nan. Nakan dai tambayi kaina me Yaya Mansir zai ce da ya ga zamanin da mutum zai ji kukan gaskiya ya kasa bambanta shi da na ɗan damfara. Shi da yake shiga rugar da bai san kowa ba, a ba shi nono da tabarma kafin a tambayi sunansa.

Me kuma zai ce da ya ga hanyoyin da yake bi da babur shi kaɗai? Ƙauyenmu yanzu babu kowa. Rashin tsaro ya tashe mu, kamar yadda ya tashi wasu. An watse, wasu Kurfi, wasu nan Dutsin-Ma, ana raɓe a ɗakunan haya da gidajen 'yan'uwa. Zauren Baba, an ce mini, rufinsa ya rufta. Yanzu ne mutanen da ke dariyar hoton rijiya suke tare ni a hanya suna tambaya ko akwai shi. Inna ta rasu bara, ba ta sake jin tafsirin ba.

Kwanakin baya Gwaggo Indo, maƙwabciyarmu ta ƙauye, ta zo gidana. Ɗanta Sale na cikin waɗanda aka rasa a tashin hankalin, kuma Yaya ne ya ɗauki bikinsa. Matar Sale ta haihu bayan rasuwar mijin nata, yarinyar ta fara wayo tana tambayar kamannin ubanta.

"Ko guda ɗaya ne, Malam, in nuna mata."

Na ce, "Gwaggo, hoton yana nan, bai ɓace ba. Isa gare shi ne ba mu iyawa."

Ta kalli ƙasa. Can ta ce, "Kamar gonarmu ke nan." Ta gyara lulluɓinta, ta yi mini sallama.

Ban sani ba ko masu rumbun suna nan riƙe da ajiyar, ko sun gaji da jiran mai ita sun share. Ina dai roƙon duk mai karanta wannan, in ya ɗora abin da yake ƙauna a can, ya bar wa wani nasa hanyar shiga tun yana da rai.

To me ya rage na Yaya Mansir? Ba abin da ya fi wahala a kansa ba ne. A ɗakunan da mutanenmu suka raɓe, nakan ga hoto a jingine da bango, gilashin ya tsage, launin ya koɗe. Waɗanda ya wanke ne ya miƙa wa masu su hannu da hannu. Mutum ya gudo ya bar hatsinsa da awakinsa, amma ya cusa wannan a cikin zani. Kaɗan ne, ba su kai ko kusa da abin da ya tara ba, kuma Gwaggo Indo ba ta da ko ɗaya. Su ne dai abin da muke da shi.

Allah ya haskaka kabarinka, Yaya, ya haɗa ka da Baba da Inna a inda ba a rufe wa kowa ƙofa.