Harafin da Ya Shiga Tsakani

A gidanmu na Annandale, can ƙasar waje, babu murhu, sai ƙarfen ɗumama ɗaki da ke huci kamar tsohuwar kyanwa. A gefensa Inna, kakata, take tara mu tatsuniya bayan magariba, muna amsa mata da Turanci tana harararmu. Kowa ya san ta daɗe ba ta magana da ƙanwarta Lami da ke Zariya, kan wata baƙar magana da aka yi ranar suna. Mama ta yi ta roƙonta ta ɗauki murya a kaset a aika, kullum Inna sai ta ce gobe.

Maƙwabciyarmu tsohuwa ce 'yar Sweden, ni nake yi musu tafinta ita da Inna. Ita ta gaya wa Inna cewa a yarensu aboki shi ne vän, in aka liƙa masa harafin o a gaba sai ya zama ovän, wanda aka ɓata da shi. Ta ce asalin wannan harafin kalmar "a'a" ce ta kakannin kakanninsu, ta sha bakin mutane har ta ƙanƙance.

Inna ta ce, "Ashe abokin yana nan ciki, ba a fitar da shi ba."

Ranar ta ba mu labarin kurciyoyi biyu masu sheƙa ɗaya. Iska ta jefo tsinke tsakaninsu, kowacce ta ce ba ita za ta sunkuya ta cire ba. Damina ta wuce suna kwana baya da baya. Muka tambaye ta wacce ce ta cire, ta ce ba ta kai nan ba tukuna.

Sai da sanyi ya fita ta ce in kawo rakoda. Ba ta nemi gafara ba, tatsuniyar nan ta maimaita, ta rufe da cewa, "Lami, ke ce ƙarama, amma ni na sunkuya."

Wani ɗalibi mai komawa gida aka ba kaset ɗin, ya tarar ana zaman makokin Lami.

Inna ba ta ƙara yi mana tatsuniya ba. A lokacin haushi na ji, don na ɗauka gajiya ta yi da Turancinmu. Sai da na girma na yi tawa gabar, na gane nauyin goben da take faɗa. Abin da ke cina har yau, na ji a bakin 'yan uwa cewa Lami ma ta sa an saya mata kaset, sabo fil, yana ƙarƙashin matashinta.